Ranar da Na Ɗaura Zanen Kaka

Kwanan baya 'yata ta turo mini waya har gaban hanci, ta ce, "Mama, ga 'yar'uwarki a ƙasar Suwidin." Wata dattijuwar Baturiya ce 'yar wasan barkwanci, wai ita ma da hannunta take rubuta abin da za ta hau dandamali ta yi. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba a yarensu, amma sai da na dara, don matar ta iya murguɗa baki. Abin da na gani wanda 'yata ba ta gani ba shi ne hannunta. Kafin ta fara magana sai da ta goge tafinta a jikin siket. Na ce, "Baiwar Allahn nan tsoro take ji." 'Yata ta ce, "Haba Mama, da furfurarta? To ke kin taɓa jin tsoro?" Na ce ta tashi ta duba mini tukunya. Amsar ba ta tsaye ba ce, shi ya sa na zauna rubuta ta.

Ni ma sana'ata ke nan, ba mutane dariya. Ina rubuta gajerun wasanni a wani gidan rediyo a Kano, kuma ni nake fitowa a matsayin wata tsohuwa mafaɗaciya da ba ta barin kowa ya sha ruwa. Masu saurare idan suka gan ni ido da ido sai ransu ya ɓaci, don sun sa ran ganin mai haƙori biyu. Tsohuwar nan kuwa ba ƙirƙirarta na yi ba. Kakata ce, mahaifiyar Baba, na ɗauko ta ɗungurungum daga gidanmu na Rogo Sabon Gari na kai ta birni.

Tun ina yarinya kunnena yake kama mutane. In mai tallan nono ta wuce sau ɗaya, shi ke nan, ta shiga. Hedimasta, mai maganin ɓera na kasuwa, matar liman da take magana ta hanci, duk suna cikina a jere. Umma ta buge mini baki har ta gaji. Kaka ce kaɗai take so. Sai ta kira ni ɗakinta, ta saki asabari, ta damƙa mini soyayyar gyaɗa, ta ce, "Ke akun nan, yi mini matar liman." In yi, ta yi ta dariya har ta kama ciki tana tari, sannan ta ce Allah ya shirye ni, in fita in ba ta wuri.

Kaka 'yar masu shanu ce aka auro gidan manoma. Hausarta da ɗan karkace take fita, in kuma ranta ya ɓaci sai ta koma Fulatanci, awaki da kaji su sha zagi da harshe biyu. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari irin tata ban taɓa ganin mai ita ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In dole ta kama a ambace shi sai ta ce "wancan ɗin". Sauran 'ya'yanta tana hira da su, tana zaginsu, tana sa musu albarka. Shi kuwa kullum da safe zai zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, ina kwana?" Ta juya fuska bango ta ce, "Lafiya." Iyakar hirarsu ke nan tun da na yi wayo.

Baba yana da i'ina mai tsanani. In kalma ta maƙale masa sai ya rufe ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓɓansa su yi ta rawa, mutum yana kallo ba abin da zai iya yi masa. Tun yana yaro ake kwaikwayonsa a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido. Shi ya sa a wurinsa kwaikwayon mutum ba wasa ba ne, wulaƙanci ne tsagwaronsa. Ni kuwa, Allah shi ne shaida, duk cikin mutanen da ke kunnena shi kaɗai ne ban taɓa fito da shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki.

Abu ɗaya ne yake kwance masa harshe. In ya maƙale a inda Kaka take ji, sai ta fara buga sandarta a ƙasa a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, fuskarta a wani gefe kamar tana kashe tururuwa. Sai ka ji maganar ta biyo bugun ta fito. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce tun yana ƙarami take yi masa haka da ludayi a bakin ƙwarya. Duk gidan an sani, amma ba wanda ya taɓa ɗaga zancen.

Mutumin da magana take yi wa wuya haka, in ya samu ya fitar da ita ba ya mayarwa. Tun kafin a haife ni wani mai awo a kasuwar Karaye ya kwaikwaye shi a gaban jama'a, aka kwashe da dariya. Baba ya ɗaure buhunan gyaɗarsa, ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta sake taka kasuwar nan ba. Mai awon ya tsufa, ya mutu, 'ya'yansa ma sun bar garin, amma Baba ko bin ta bakin kasuwar ba ya yi ranar da take ci. Gara ya kai kayansa nesa, ya sha wahalar mota. Na taɓa jin Umma tana lallashinsa. Ta ce, "Malam, ai addini ya yi sauƙi. Wanda ya yi rantsuwa ya ga barinta ya fi alheri, kaffara zai yi, ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan an wuce wurin." Ya daɗe kafin amsar ta fito. Ya ce, "Ba na sayen maganata da hatsi."

To, wannan mutumin ne ya yi rantsuwa a kaina.

Na yi sakandare a Karaye, ina zaune wurin Gwaggo a Unguwar Hajji, a can na fara hawa dandamali ranar taron iyaye. Bayan na yi aure mun koma Kano, wani da ya san ni tun makaranta ya kai ni gidan rediyo. Maigidana bai hana ba, shi ma ɗan son dariya ne. Amma na ce ba zan fara ba sai Baba ya ji daga bakina. Na zo gida na same shi a zaure yana gyaran igiya, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya ce, "Mijinki ya yarda?" Na ce ya yarda. Ya ce, "To ba ni da iko a gidan wani. Amma wallahi tallahi, ranar da kunnena ya ji ki kina kwaikwayon wani ɗan Adam, ba ni ba ke, duniya da lahira." Tun daga farkon maganar har ƙarshenta ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Wani zai ce ai sai ki haƙura da wasan. Na gwada, wallahi na gwada. Na zauna a gida ina ɗinki, sai na wayi gari ina yi wa keken ɗinkin faɗa da muryar Kaka. Abin a jinina yake. Kuma Baba bai ce kada in yi ba, cewa ya yi kada ya ji. Da wannan 'yar ƙofar na shiga, a cikinta kuma na zauna shekara da shekaru cikin fargaba.

Mutane suna ganin mai ba da dariya ba ta da damuwa. Ina! Rediyo fa ba ta da ƙofa. Tana teburin mai shayi, tana wuyan makiyayi, tana cikin kowace bas da ke tashi daga Karaye zuwa Kano. Sai ina tsakiyar ɗaukar shiri, kowa a ɗakin yana toshe baki don dariya, ni kuwa ina hango Baba a kujerar bayan direba, an ƙure murya, ba hanyar sauka. Har roƙo na yi aka mayar da shirin hantsi, lokacin da na san yana gona, na ce wai matan gida sun fi saurare a lokacin. In waya ta yi ƙara na ga lambar gida ce, sai na karanta duk addu'ar da na iya kafin in ɗauka. Umma ce kawai za ta ce a aiko mata da maganin ƙafa. Shi ma Baba, daga baya na gane, yana tsare tasa iyakar. Labarai kaɗai yake ji, ana gamawa ya kashe. In ya doshi inda aka kunna wasa sai ya sake hanya.

Kaka kuwa ba shirin da yake wuce ta. 'Yar rediyonta tana ƙarƙashin filo. Duk zuwan da zan yi, kafin in gama gaisuwa za ta ce, "Ɓarauniya! Kin sace mini baki kin kai birni, ko goro babu." In mun rage mu biyu a ɗaki, ta leƙa ta ga ba kowa, sai ta gangaro kan zancen da ba ta yi da kowa sai ni. Jika ba a jin kunyarta. A nan na ji abubuwan da take faɗa game da "wancan ɗin", na adana su, ban taɓa sa ko ɗaya a rediyo ba.

Ta rasu bayan an cire gyaɗa, da rana tsaka, ta kishingiɗa ta ce a dama mata fura, kafin a kawo ta tafi. Ta tsufa tukuf, ta ga jikoki ta ga tattaɓa-kunne. Baba bai yi kuka ba. Amma ina kallonsa a kwanakin zaman makoki, kullum da safe sai ƙafarsa ta kawo shi har bakin ƙofarta, ya tsaya, ya kalli asabarin, ya juya.

A wajenmu in tsoho irin wannan ya rasu, jikoki ba su da izinin dogon kuka. Ranar sadakar bakwai tasu ce. Su wawashe gumba, su shiga ɗakin mamacin su sa kayansa, ɗaya daga cikinsu ya fito yana tafiyarsa yana maganarsa, a yi dariya a share hawaye, sai 'ya'yan mamacin sun ba su ɗan abin hasafi kafin su tuɓe. Wasu malamai ba sa so, amma a gidanmu ana yi, cikin mata, maza suna waje. Na san da wannan tun ina hanya. Shi ya sa ranar tun da safe na maƙale a madafa, na ce ni ce mai suyar waina, kowa ya ƙyale ni.

Gwaggo ta same ni a can. Ta ce, "Tashi, ke ake jira." Na ce, "Gwaggo, ki rufa mini asiri. Kin manta rantsuwar?" Ta ce, "Yaya yana ƙofar gida cikin maza, ga zaure, ga soro, ga turken awaki tsakaninku. Ko ganga kika buga ba zai ji ba. Kuma wannan ba wasan rediyo ba ne, haƙƙin kakarki ne. Da bakinta ta ce mini, ranar bakwai ɗinta kada a bar wata shashasha ta ɓata ta, akun nan ce za ta yi ta." Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan yi ba. Ta yi tsaki ta tafi.

Da sun bar ni haka da na tsira. Sai suka sa wata taubashiyata ta yi. Ina daga madafa ina hangenta. Innalillahi! Yarinyar nan ta fito tana ɗingishi da ƙafar dama, alhali ta hagu ce take yi wa Kaka ciwo. Ta riƙe sanda a gaba kamar makauniya. Ta ƙanƙance murya tana mitsi-mitsi, Kakar da in ta kira akuya a Rogo sai ta Karaye ta waiwayo. Matan suna 'yar dariyar kara, ta ganin ido. Raina ya yi mugun ɓaci. Ban san lokacin da na ajiye cokalin waina ba, na ji bakina yana cewa, "Ke dalla tuɓe, kin kashe ta sau biyu."

A ɗakin na ɗaura baƙin saƙinta, na yafa mayafinta. Warin man shanu da hayaƙi da taba ya bugi hancina, gwiwata ta hagu ta saki da kanta. Hannuna yana ta gumi, na goge a jikin zanen. Na ce a raina, a hankali zan yi, ƙasa-ƙasa, in zaga tsakar gida sau ɗaya in koma. Na manta Kaka ba ta da ƙasa-ƙasa.

Ina ɗaga asabari na ga akuya da kai a cikin ƙwaryar gumba. Shi ke nan. Zagin ya fito da Fulatanci, da cikakkiyar muryarta, har da ɗan tarin da take yi a tsakiya. Tsakar gidan ta fashe da dariya. Na bi tukwane ina buɗewa ina cewa wannan miya ce ko wankin hannu. Na tsaya kan surukanta ɗaya bayan ɗaya, kowace na ba ta nata kason, har Umma, wadda take dariya tana kuka tana cewa, "Ita ce, wallahi ita ce." Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana bubbuga cinya. Ni kuwa tsoron yana nan, amma dariyar mutane ta fi ƙarfina. Duk ɗan wasa ya san wannan jarabar.

Sai wata tsohuwar maƙwabciya ta jefo tambayar da aka saba tsokanar Kaka da ita tana raye. Ta ce, "Tsohuwa, ina ɗanki na fari? Ya sunansa ma?" Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na juya na fuskanci bango, yadda take yi. Aka kwashe da dariya. A nan ya kamata in tsaya. Amma bango yana gabana, ba na ganin kowa, sai na ji kamar muna ɗaki mu biyu, maganganun da na adana suka taho.

Na ce, "Wancan ɗin? Ku ƙyale ni da zancen wancan ɗin. Ni fura ba ta wuce mini maƙogwaro sai na ji tarinsa a zaure. Ranar da na haife shi na kalli fuskarsa na ƙoshi, ban ƙara ba, amma ku tara maza ɗari su wuce ta bayan ɗakina, zan ce muku ga sawunsa. Wai bakinsa a ɗaure yake. Bakin da bai taɓa ɗaga mini murya ba? Allah ya ɗaure na sauran haka, in huta!"

Na saurari dariya, don wurin dariya ne. Ta fara, sai ta yanke kamar an rufe ƙofa. Ba motsin kowa, sai kukan mai a kaskon wainar da na bari. Daga bayana, kusa da rumbu, aka yi tari. Ko cikin maza dubu ne na san wannan tarin.

Daga baya ƙanen Baba ya ba ni labari. Suna zaune a tabarma, an shafa fatiha ana raba goro, sai muryar ta tsallako katanga tana zagin akuya. Baba ya miƙe tsaye kamar wanda aka kira, ko takalmi bai sa ba, ya shige gida.

Na juyo. Yana tsaye ƙafa ba takalmi, idonsa a kaina, daga mayafin har zanen har sandar. Na tsaya riƙe da sandar, ko durƙusawa ban yi ba. Gwaggo ta rarrafo tana cewa, "Yaya, wasan jikoki ne, ni na sa ta, ni za ka yi wa." Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Umma ta dafa turmi.

Ya buɗe baki, maganar ta maƙale.

Ban taɓa ganin ta riƙe shi irin na ranar ba. Idonsa a rufe, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke, haɓarsa tana karkarwa, ga mata cike da gida, surukai da baƙi, kowa ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake ƙoƙarin fitarwa. Na san i'inar nan ita kaɗai ta rage tsakanina da rasa uba. A raina ina cewa, ya Allah kada ta sake shi, ya Allah ta riƙe shi har gobe. Amma ina kallon dattijo ɗan shekara sittin da wani abu yana kokawa da harshensa a gaban matan ƙannensa, wadda take taimakonsa kuma tana kabari. Ban yi shawara da hannuna ba. Sai ji na yi sandar tana taɓa ƙasa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. A hankali, yadda take yi. Ina bugawa ina kuka, don na san da hannuna nake buɗe wa maganar da za ta raba ni da shi hanya.

Kafaɗunsa suka sauka. Ya buɗe ido, ya kalli sandar, ba ni ba. Maganar ta biyo bugun ta fito.

Ya ce, "Abin da kika faɗa yanzu. Ita ta faɗa, ko cikin rubuce-rubucenki ne?"

Sai a lokacin gwiwoyina suka kai ƙasa. Na nemo muryata, tawa ta kaina, da ƙyar na same ta. Na ce, "Ita ta faɗa, Baba. Wallahi ban ƙara komai ba."

"Yaushe?"

"Kullum. Duk zuwan da na yi."

Ya kalli zanen da ke jikina. Sannan ya ce, "Cire mata kayanta." Ya juya ya fita.

Ranar ba a ba jikoki ko ƙwayar goro ba, ba kuma wanda ya tambaya. Na tuɓe, na ninke zanen, na jingina sandar a inda take ajiye ta, na shige ɗakin Umma na zauna a bayan ƙofa. Abin da yake cin raina shi ne ban san matsayina ba. Rantsuwar sai ya sake faɗa za ta hau kaina, ko ta riga ta hau tun da kunnensa ya ji? Na tambayi Umma. Ta ce, "Ni dai tun da na zo gidan nan ban san shi da janye magana ba." Gwaggo ta je zaure ta dawo ido jajur, ta ce ko ɗaga kai bai yi ba. Matan da suke tafiya in sun leƙo sallama sai su ce mini, "Sai haƙuri," kuma na san ba gaisuwar Kaka suke yi mini ba.

Na zauna ina lissafa abin da ya tafi. Ba ni da sauran shiga gidan nan. In ya kwanta ciwo sai dai in ji a bakin mutane. 'Ya'yana za su zo hutu a ce musu me? Ranar da zai bar duniya zai bar ta da fushina, ni kuma in tashi gaban Allah da wannan. Duk a kan me? A kan wata ta yi ɗingishi da ƙafar da ba ita ba. Na tsine wa bakin nan nawa ya fi a ƙirga.

Bayan la'asar na haɗa jakata. Na ce wa Umma zan sulale in hau acaɓa zuwa tasha, gara in tafi da ƙafata kafin a kore ni. Ta ce, "Ba ki isa ba. Ko korarki zai yi, sai kin je kin yi masa sallama. Muddin bai faɗa ba, ubanki ne." Ta sa ni a gaba.

Ba ya zaure. Muka same shi a ɗakin hatsi, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ya farke sabon buhun gero, geron da ya ware na iri, wanda ko kaza ba ya bari ta kusanta. Ga kwanon awo a hannunsa, ga ledoji a jere, yana aunawa yana zubawa yana ƙullewa. Na durƙusa daga nesa. Na ce, "Baba, zan koma." Ya cika kwano har ya yi tsororuwa, ya juye.

Idona ba shi da wurin zuwa, sai ya bi ledojin. Na ce a raina, sadaka kuma? Ai an gama sadaka tun safe, an raba gumba, an raba waina, malamai sun watse. Tara a ƙulle, ta goma a hannunsa. Sai na ji Umma a bayana ta ja numfashi, ta ce can ƙasa, "La'ilaha illallahu." Na sake ƙirgawa. Goma. Miskinai goma, kaffarar rantsuwa. Mutumin da ya fi shekara arba'in yana kewaye kasuwar Karaye.

Ledar ƙarshen ta ƙi tsayuwa. Ya buɗe bakinta, ta lanƙwashe, ya sake buɗewa, ta sake lanƙwashewa, ga kwano cike a ɗaya hannun. Bai kalle ni ba. Leɓɓansa suka ɗan yi rawa, babu mai buga masa sanda, ya yi kokawarsa shi kaɗai har ta fito.

Ya ce, "Ke. Zo ki riƙe mini bakin ledar nan."

Da gwiwa na ƙarasa. Na kama ledar da hannu biyu, ta suɓuce mini, rabin geron ya zube a tabarma. Bai yi mini faɗa ba. Ya sake cika kwanon ya zuba.